Makon da Na Zaɓar wa Kawu

Shekara uku na yi a gidan Kawu a Tompkinsville, wata unguwa a kan wani tsibiri a Amurka, a wani ɗan ɗaki da tagarsa ke kallon bayan shagon wanki. Wan mahaifiyata ne. Ni daga Kano na zo karatun jami'a, shi kuwa ya riga ni zuwa da fiye da shekara ashirin, yana aikin loda akwatunan fasinja a filin jirgin JFK. Kullum sai ya hau feri, jirgin ruwan fito, ya hau jirgin ƙasa, ya sake hawa wani kafin ya isa wurin aiki. Amma asalinsa Basarke ne daga Yawuri, gidan masunta tun kakanni, kuma ranar Talata da ba ya aiki ba ya yin komai da ita sai fatsa.

Ni ban taɓa son kamun kifi ba. Na fara binsa ne don ban iya cewa a'a ba, ga shi ba ni da lacca da safiyar Talata. Mukan yi sallar asuba mu hau bas zuwa kudancin tsibirin, inda yashi ya shimfiɗu ana hango babbar gada. Shi ya shiga ruwa da dogayen takalman roba, ni in zauna a kan bokiti da littafi. Da zaman ya ishe ni sai na sayi ƙaramin kundi na ja masa layuka. Ina rubuta kwanan wata, da inda iska take fitowa, da ko ruwa yana cikowa ne ko yana janyewa, da ɗumin ruwan teku wanda nake dubawa a waya, da abin da mutanen gefenmu suka kama. Ban taɓa tambayar kowa komai ba. Ina dai sauraro, ina kuma kwafar abin da mai shagon kayan fatsa yake rubutawa a allonsa. Saboda kundin nan Kawu ya sa mini suna Farfesa.

Akwai kifin da yake nema. Mutanen nan suna ce masa sitiraifa, mu a gida muna ce masa mai-ratsi, saboda layukan da ke jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Da kaka, idan ganye ya fara zuba ruwa ya fara sanyi, ƙananan kifaye masu mai sukan bar lungunan teku su nufi kudu, manyan masu-ratsi kuma su biyo bayansu. Kwanaki kaɗan suke yi a gaban yashinmu su wuce. Kawu yana da rana ɗaya a mako, kuma duk hutunsa na shekara a can Yawuri yake ƙarar da shi, don haka sau da yawa sai ya zo ranar Talata a ce masa ai ranar Asabar kifin ya zo ya wuce. Ya kama ƙanana ba iyaka. Babba kuwa, wanda ake ɗagawa da hannu biyu, bai taɓa ba. Dokar nan ma ta ce idan kifin ya wuce wani tsawo sai a mayar da shi ruwa, amma wannan bai dame shi ba. Ba nama yake so ba. Hoto ɗaya yake so.

Dalilin hoton shi ne babban wansu da ke Yawuri, wanda har yanzu yake fita su da jirgin kwale-kwalensa. Duk Talata sai ya kira ta bidiyo daidai lokacin da ya san muna bakin ruwa.

"Sarkin dakon jirgi! Mi kak kama yau?"

Kawu ya ɗaga masa abin da ya samu.

"Matso da shi, ban gani ba. Wanga? Wallahi jikana in ya kawo wanga gida sai uwatai ta kore shi. Shekara ashirin kana bakin tekun Amurka, ka ɗauki akwatin duniya duka, ka kasa ɗaukar kifi guda."

"Yaya, ai ku naku kifin a kwano yake zaune yana jiranku. Zo nan ka ga ruwan da ba ya da ƙetare."

Ana dariya ta can, ana dariya ta nan. Amma idan aka kashe waya Kawu yakan daɗe bai sake jefa ƙugiya ba.

A shekarata ta uku gwiwoyinsa suka ƙi. Ya yanke shawarar ajiye aiki ya koma gida gaba ɗaya a ƙarshen Nuwamba, ya sayi tikiti. Saura masa mako guda na hutu, kuma a karon farko zai yi shi a nan, don kifin kawai. Sufabaiza ya ba shi zaɓi biyu: mako na uku na Oktoba, ko mako na biyu na Nuwamba. Ya ce ya kawo amsa ranar Laraba.

Ranar Talatar muna bakin ruwa. Kafin Kawu ya ɗaura ƙugiya ya durƙusa da kyar, ya naɗe hannun riga, ya tura hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu. Ya daɗe a haka.

"Ruwan nan bai huce ba," in ji shi. "Kamar na wankan jariri. Bana za su makara. Nuwamba zan ɗauka."

Ni ban cika magana ba. A aji ma idan malami ya kira ni sai muryata ta shige. Amma ranar nan na buɗe kundina a kan gwiwata na yi magana kamar ba ni ba. Na nuna masa shekarar farko: manyan sun zo a mako na uku na Oktoba. Na nuna masa ta biyu: mako na uku na Oktoba, bambancin kwana biyu kawai. Na ja layi da biro a ƙarƙashinsu. Na ce masa teku ba kogi ba ce, tana da lissafinta, kuma tsawon rana ne yake tashin kifi, rana kuwa ba ta makara. Wannan a wani littafi na karanta shi, rabin shafi, ban ma ƙarasa ba.

Ya dubi shafin. Kawu yana karanta lambar jirgi da sunan gari a jikin akwati, amma layuka da ginshiƙai irin nawa ba su ce masa komai. Ya dubi hannunsa da ke ɗigar ruwa.

"Ka tabbata, Farfesa?"

"Kawu, ga shi a rubuce. Sau biyu."

"To. Kai ka yi karatu. Ni hannu ne kawai gare ni."

Abin da ban nuna masa ba yana cikin shafin nan, a ginshiƙi na huɗu. Ɗumin ruwan bana ya fi na shekarun biyu nesa ba kusa ba, kuma ni na rubuta shi da hannuna da safiyar nan. Na gani. Sai dai kwanakin watan sun jeru da kyau, sun yi mini daɗin kallo. Kuma a mako na biyu na Nuwamba ina da jarrabawa biyu da gabatar da aikin bincike, ba zan samu zuwa ba. Ina so in kasance a tsaye a wurin ranar da zai ɗaga kifin, ya ce wa wansa ɗan ƙanwarsu ne ya faɗi ranar, daga littafi. Ban taɓa yin wani abu da ya amfani kowa a gidan nan ba. Shi yake dafa abinci, shi ya san hanyoyi, shi yake yi wa mai gidan haya magana da Turancinsa mai gargada, ni mai Turancin ina laɓe a ɗaki.

Makon Oktoba ya zo da rana kamar ta tsakiyar bazara. Mutane suna yawo a yashi da singileti, har da masu shiga wanka. Kwana bakwai muna fita bayan asuba. Idan ina da lacca in tafi in dawo in tarar da shi inda na bar shi. Ruwa kwance, babu tsuntsu ko ɗaya a kansa. Abin da yake cin ƙugiya ƙananan kifayen bazara ne da ya kamata a ce sun tafi tuni, da wani mummuna mai fuka-fuki da yake gurnani idan an ciro shi. Wani tsoho Bature da muke haɗuwa da shi ya kama wani kifi mai launi ya ce wannan na can kudu ne, bai taɓa ganinsa a nan ba a wannan lokaci.

Ranar Talatar makon wansa ya kira.

"An ce ka ɗauki hutu don kifi. Ina shi?"

Kawu ya ɗaga masa mai gurnanin.

"La'ilaha! Wanga kifi ne ko kwaɗo ne ya yi fiffike? Ka zo da shi, mu sa a kasuwa a biya kuɗin kallo."

Kawu ya yi dariya yadda ya saba. Da yamma na ga yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi, sun kumbura sun yi sheƙi saboda tsayuwa. Na ce ko gobe mu huta.

"Littafi bai ce gobe ba ne?"

Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake tambaya. Na ce iska za ta juya ranar Alhamis. Ba ta juya ba.

Ranar ƙarshe ya naɗe zarensa tun kafin azahar. A bas muna komawa ina jira ya ce wani abu. Ya sayi gyaɗa a wurin tsayawa ya miƙo mini rabi. Bai ambaci kundin ba, ranar ko bayanta.

Sanyi ya sauka a farkon Nuwamba. Ranar da na gama jarrabawa ta biyu, Alhamis ce, na hau bas ni kaɗai na tafi bakin ruwan, ban san me nake so in gani ba. Tun daga titi na ji kukan tsuntsaye. Sun rufe ruwan, suna faɗawa suna tashi, ruwan kansa yana tafasa da ƙananan kifaye masu gudun tsira har suna faɗowa kan yashi. Mutane sun yi layi kafaɗa da kafaɗa, sanduna duk sun lanƙwashe. Wata mata da rigar aikin asibiti a jikinta ta jawo wanda ya kai mata ƙugu, ta rasa yadda za ta riƙe shi, tana ta ihu. Tsohon Baturen ya hango ni ya ɗaga murya yana tambayar ina kawuna.

Na kira Kawu a waya. Yana wurin aiki, yana koya wa wanda zai gaje shi.

"Kawu, sun zo."

Na san yana jin tsuntsayen ta cikin wayar.

"Manya?"

"Manya, Kawu."

"Ruwa na cikowa ko yana janyewa?"

"Yana janyewa."

"Haka ne. Haka ya kamata." Sai na ji ƙarar injin jirgi a bayansa. "Jirgi ya sauka. Sai na dawo."

Ya roƙi a ba shi Juma'a, aka ce babu mai riƙe masa aikin. Kifin ya yi Juma'a, ya yi Asabar, ya yi Lahadi. Ranar Litinin aka tashi da iska mai ƙarfi daga gabas, teku ta birkice ta koma launin kunu. Da muka je ranar Talata babu kowa sai ciyawar teku da igiyar ruwa ta tara. Talatar da ta biyo baya ita ce ta ƙarshe. Ya tsaya cikin sanyi har hannunsa ya kasa ɗaura ƙugiya, ya kama ƙarami ɗaya ya mayar.

Muna da maƙwabci, mutumin Maraɗi mai shagon kayan abinci a ƙasan gidanmu. Da ya ji labari sai ya hawo da dabara.

"Bon, Alhaji, abin ba wuya. Gobe in je kasuwar kifi in samo maka ƙato, ka sa takalmanka, mu je bakin ruwa, yaron nan ya ɗauka. Wa zai sani a Yawuri?"

"Yaya zai sani," in ji Kawu. "Idon kifin kawai zai duba ya gaya maka kwana nawa da mutuwarsa. Sai in zama ɗan dako kuma maƙaryaci."

"Kai dai ka cika taurin kai."

"Ɗauko mini buhun shinkafa in ɗaga, ka ɗauke ni. Wannan ai na iya."

Suka yi dariya. Ni ina ɗaki, ƙofa a buɗe, ina riƙe da littafin da ban karanta layi ɗaya a ciki ba.

Ni na raka shi filin jirgi. Abokan aikinsa suka fito suna rungumarsa, wani ya karɓi akwatinsa ya ce yau dai wani zai ɗaukar masa. Na shirya maganar tun a cikin jirgin ƙasa, na jera ta a kaina yadda nake jera amsar jarrabawa: ginshiƙi na huɗu, makon jarrabawata, duka. Da muka zo inda ba a barin mai rakiya ya wuce, wayarsa ta yi ƙara. Wansa ne, yana tambayar ko a turo babbar mota ta ɗauko kifin daga Abuja.

"Yaya, bana na yi kuskuren mako," in ji Kawu. "Ruwa ya ruɗe ni. Tsufa ne."

Ina tsaye a gefensa ya faɗi haka. Ya kashe wayar, ya dafa kaina, ya ce in riƙe karatu in kuma riƙa cin abinci mai zafi. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Bayan wata huɗu mahaifiyata ta je Yawuri biki, ta dawo ta kira ni. Na tambaye ta Kawu. Ta ce lafiyarsa ƙalau, gwiwar ma da sauƙi, sai dai sunan nan ya bi shi, har yaran gidan suke ce masa Sarkin Dako, yana amsawa. Ta ce wansa ya yi ta fama da shi su fita kamun kifi tare ko sau ɗaya, ga jirgi ga komar kamu, ya ce shi hannunsa ya daina gane ruwa. Tun da ya koma bai taka bakin kogi ba.

Muna waya da shi duk Juma'a. Yana tambayar karatu, ina ce masa lafiya lau. Har yau ban gaya masa ba.