Ganyen Hanyar Rafin Ɗinya

A gidanmu na Gwallaga, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Inna Dije, kakarmu ta wajen uba, kafin garwashin tuwo ya mutu. Tsohuwa ce mai tsokana. Ni dai ba ta kirana da sunana, sai "maigidana marowaci, ko goron nan ya gagare ka." Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk da dariya muke gama su, ta rufe da ƙurunƙus, mu watse.

Amma akwai labari ɗaya da ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba. Sai damina ta yi nisa, hadari ya haɗo ta gabas, take kawo shi. Da mun ga ta ɗauki tsinke tana baje toka, na san labarin nan ne zai zo, amma ban taɓa iya tashi ba.

"Nan Bauchi," in ji ta, tana zane a tokar. "Nan Miri. Ka wuce, ka saki babban titi ka yi hagu. Ga Tsamiya Biyu, ga Kwanar Maƙera, sai dogon dajin da ba gida ko ɗaya. Daga nan gangara, sai Rafin Ɗinya."

Ta ce hanyar asalinta burtali ne, shanu suka buɗe ta da kofato. Fatake suka bi da jakuna. Zamanin Turawa aka tara mazan ƙauyuka da diga suka faɗaɗa ta, aka kafa gadar katako, mota ta fara shiga ranar kasuwa. Masu bin hanyar kuma suna da ƙa'ida: duk wanda ya tarar da ɓarna a gaba, sai ya koma baya ya jera ɗanyen ganye a tsakiyar hanya. Direba na ganin ganye ya san tsayawa zai yi.

Wata rana ruwa ya kwana yana zuba, rafi ya tafi da gadar. Wani manomi ya gani da sassafe, ya saro rassa ya jera kafin gangarar, ya ruga sanar da mai gari. Can sai ga wata yarinya da akuyarta ta haihu, ta fito neman ganye. Ta ga rassa ɗanyu shar a yashe, an ma hutar da ita sara. Ta tattara su kaf, ta ɗora a kai.

"Ba ta yi nisa ba sai ga motar kasuwa," in ji Inna, muryarta ƙasa ƙasa. "Yayanta na zaune a bisa buhuna. Ya ɗaga mata hannu yana dariya. Ita ma ta ɗaga masa."

A nan take tsayar da labarin. Iska na kaɗa kwanon ɗaki, sai ɗayanmu ya tambaya:

"Sai me ya faru, Inna?"

"Sai akuya ta ci ganye."

Ta sa tafin hannu ta shafe hanyar daga tokar. "Ku tashi, an kira isha."

Wallahi na ji tsoron labarin nan fiye da na kowane dodo. Na daɗe ko reshen dalbejiya na gani a titi, kewaye shi nake yi da nisa.

Bayan rasuwarta aka aike ni ƙauyensu in kai wa dangi labari. Shi ne zuwana na farko. Gwamnatin jiha ta taɓa shimfiɗa wa hanyar kwalta, yanzu ramuka sun fi kwaltar yawa. Amma komai na nan yadda ta zana: tsamiyoyin, kwanar, dajin, gangarar. Ban tambayi kowa hanya ba.

Wata tsohuwa, 'yar baffanta, ta kai ni bakin rafin, kusa da gadar siminti, ta nuna mini tsofaffin kaburburan waɗanda motar kasuwa ta faɗa rafi da su.

"Na ƙarshen nan Buba ne, yayan Dije," ta ce. "Tun da aka kai ta aure Bauchi ba ta sake tako hanyar nan ba, ko biki ko mutuwa. Manomin da ya ga gadar ta tafi kuwa, Allah Ya jiƙansa, ya mutu yana rantsuwa ya jera ganye. Ba wanda ya yarda da shi, ɗan nan."

Sai a lokacin na gane ko wace ce yarinyar mai akuya. Tausayin Inna ya kama ni, da na mutumin da ban ko san sunansa ba. Ashe abin da ta kasa faɗa wa manya ne take faɗa mana kowace damina a gaban murhu, mu kuwa muna zaune muna jiran ta ce ƙurunƙus.