Sikin da Sajo ya jefa

Allah ya jiƙan Barau mai faci na Gagarawa Tasha, mutumin da bai iya ganin aboki cikin damuwa ya kau da kai ba. Tun yana saurayi yake liƙe tayoyi a bakin titi, hannunsa kullum baƙi, bakinsa kullum da labari. Idan aiki ya lafa bayan la'asar, sai ya shimfiɗa kwali a gindin maina, ya zana hanya da gawayi, ya fito da ɗan lido guda, mai lamba ɗaya zuwa shida. Shi ya ƙirƙiro wasan, kuma ba caca ba ce. Kowa ya zaɓi abin da zai zama, direba ko falke ko makiyayi, ya faɗi abin da zai yi, ya jefa. Barau ke faɗin abin da ya same shi: ƙaramar lamba wahala, siki kuwa, wato shida, nasara.

Shekarar da ɓarayi suka kora shanun amininsa Sajo suka tsallaka iyaka, Sajo ya rantse sai ya bi sawu shi kaɗai. Matarsa Jannatu ta yi kuka, dattawa suka yi magana, bai ji ba. Sai Barau ya shirya labarin makiyayi mai bin ɓarayi, ya cika hanyar da masifu, don Sajo ya ga ƙarshen tafiyar a kan kwali ya haƙura.

"Ka iso rijiya, ta ƙafe," in ji Barau. "Jefa mu gani, ɗan Fulani."

Siki ta fito. Dole Barau ya ba Sajo ruwa a cikin wasan.

Cindo ɗan acaba ya kwashe da dariya. "Mai faci, yau tayarka ce ta sace."

Barau bai yi dariya ba. "Ga ɓarayin nan da bindigogi a bayan geza. Siki kaɗai za ta fid da kai. Ka juya gida, Sajo, ba abin kunya ba ne."

Sajo ya hura ɗan lido ya jefa. Siki kuma. Barau ya dubi kwalin, kowa na jiransa, ga shi mutum ne da ƙarya ba ta zama a bakinsa. Ƙasa-ƙasa ya ce shanu sun dawo gida.

Sajo ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. "Da bakinka ka faɗa."

"Kwali ne fa, ɗan'uwana. Wasa ne."

"Na sani."

Washegari ya tafi. Ta Maigatari aka shigo da gawarsa, a bayan motar masu kayan gwari.

Barau ya ci gaba da facinsa, amma labari ya ƙare a bakinsa. Duk kaka yakan ɗora buhun gero a babur ya kai rugar su Jannatu, ya ajiye daga nesa, ya juyo kafin a kawo masa ruwa. Haka ya yi ta yi har ciwon da ya kwantar da shi a daminar bara.