Sabar Ta Daina Amsa Sunan da Malam Sabi'u Ya Raɗa Mata

Ina tsaye a tashar Rogo ina jiran mota ta cika ƙanin Malam Sabi'u ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya Nura, sai haƙuri, Malam ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani ba.

Malam Sabi'u shi ya koya mini kwamfuta a ɗan shagonsa na Karaye, daga baya muka zama abokan aiki. Shi ke kula da shafin intanet na ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankinmu. A cikin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, akwai sunayen mutanen Zoza da Falgore da Tudun Kaya, da lambobin wayarsu, da inda gonakinsu suke, da abin da kowa ya noma. A wannan zamani ba sai na faɗa wa kowa illar a san wane ne rumbunsa ya cika ba. Malam bai taɓa wasa da wannan amanar ba.

Abu na farko da ya sa ni rubutawa wata 'yar manhaja ce, layukanta ba su cika shafi ba. Aikinta ɗaya: ta aika wa sabar tambaya, sabar ta faɗi sunan manhajar da take aiki da ita da lambar fitowarta. Da ta yi aiki, ɗoki ya kwashe ni na fara gwada ta a shafukan mutane. Da Malam ya gani, ya rufe kwamfutar a hankali ya ce, "Nura, gidan da ba naka ba, ba ka leƙa shi sai da izini." Daga ranar ban ƙara ba.

Shi ya nuna mini cewa yadda muke tambaya haka ɓarayi ma suke tambaya. In sabar ta faɗa musu tsohuwar manhaja take ɗauke da ita, sun san ta inda za su shiga. Don haka ya gyara tamu ta daina faɗin sunanta na gaskiya. Duk wanda ya tambaye ta, amsarta ɗaya ce: "Ƙuli-ƙuli." Na yi dariya har da hawaye. Shi kuwa bai yi ba. Ya ce, "Ran da ka tambaye ta ta ce maka wani abu daban, to wani ya taɓa ta." Kullum da safe, kafin ya kurɓi koko, sai ya tambaye ta. Yana jinya ma, muryarsa da ƙyar take fita, in na je dubiya sai ya ce, "Ka gaishe da ita yau?"

Bayan sadakar uku na buɗe shago na kunna 'yar manhajar. Sabar ta faɗi sunanta na gaskiya, har da lamba. Na sake tambaya, ta maimaita. Mu biyu kaɗai na sani da makullin shiga, ɗayanmu kuma yana ƙasa.

Na rufe shafin, na canza makullin, na tafi wurin shugaban ƙungiya. Da na faɗa masa, ya ce, "Ɗana, an kwashe sunayen mutanenmu ko ba a kwashe ba?" Na ce, "Baba, ban sani ba." Wataƙila kamfanin da ke ajiye mana sabar ne ya yi gyara bai sanar ba. Wataƙila kuma ba shi ba ne. Jiya wani dattijo daga Zoza ya ce baƙuwar lamba ta kira shi da cikakken sunansa, aka tambaye shi ko yana gida, aka kashe. Tun daga nan na kasa cin abinci, wanda zan kai wa wannan magana kuma babu shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sabi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya yaran da ya bari. Ka tsare mutanen da ya rasu yana tsare musu amana. Ya yi rayuwarsa yana tambaya kowace safiya, yanzu shi ake tambaya. Allah ka tabbatar da harshensa a kan amsa. Amin.