Amanar Inna a Hannun Ogan Tsaro

Shekarun baya, ina gama karatun jinya na samu aiki da wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da yaran da tamowa ta kama. Aikin na shiga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ne, a lokacin da kowa ya san halin da hanyoyin ke ciki. Na dawo gida Kaura ina ta rawar kai, na faɗa wa mahaifiyata. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba ki zuwa," in ji ta. "In ba ki komo ba, wa zan riƙe? Ƙungiya tana da wuyan riga?"

Na yi bayanin inshora, da motoci masu rediyo, da horon da aka ba mu. Ta ce ita mutum take son gani, mai ido da hanci. Da kunya kamar ƙasa ta tsage na je na shaida wa ogan tsaronmu, wani dattijo mutumin Maradi, cewa da alama zan ajiye aikin. Na zaci dariya zai yi. Sai ya ce, "Yaushe Inna take zama ba ta da hidima?"

Ya zo har gida, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma. Inna ta tsare shi da tambayoyi har shayinsa ya huce. Daga ƙarshe ta ce, "To Malam, ga ɗiyata nan, amana ce. Yadda ka ɗauke ta, haka nika son ka maido min ita."

Ya ce, "Na amsa, Inna."

Ni a lokacin na ɗauka duk don a lallaɓa tsohuwa ne. Sai wata rana muna Shinkafi, mun loda kaya za mu Badarawa inda mata ke jiranmu da yara, wani ya bugo masa waya cewa an ga baƙin babura a daji. Nan take ya ce a sauke kaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa matan nan tun safe suka baro gidajensu, kuma jita-jita ba ta ƙarewa a yankin nan.

"Gaskiyarki, malama," in ji shi. "Amma ni aka ba amana, ba ke ba."

Ya kira mai gari ya ba matan haƙuri, muka je bayan 'yan kwanaki. A iya saninmu babu abin da ya faru a hanyar ranar, na kuwa yi ta tsokanarsa da hakan. Ya ce ai aikinsa ke nan, a wuni babu labari.

Da muka koma Kaura, maimakon a sauke ni a bakin titi, sai ya raka ni har zaure ya yi sallama. "Inna, ga amanarki, a duba." Ta kalle ni sama da ƙasa kamar akuyar da aka kawo daga kasuwa, ta ce na rame. Ya ce wannan kam laifina ne, ba na cin abinci sai gardama. Daga nan abin ya zame masa al'ada duk dawowa.

Na yi aiki a wurare da dama bayan nan, na sa hannu a ƙa'idojin kare ma'aikata iri-iri. Suna da amfani, ba na musu. Amma na gane cewa ƙa'ida ba ta tsare kowa sai an samu wanda zai ji kunyar komawa gidanku ba tare da kai ba. Har yau in na tuna, daɗi nake ji.

Ranar da aka yi wa ogan tsaron namu canjin wurin aiki, da kansa ya kawo wanda zai gaje shi gidanmu. Sabon yana ta zare ido, bai san me ya kawo shi ba. Inna ta nuna masa tabarma ta ce, "Cire takalmi, ɗana. Zauna ka dube ta da kyau."