Idon Da Ba Wanda Ya Kalla

Ni dai a aji huɗu na tsaya, amma a gidanmu wannan ya isa a kira mutum likita. Shi ya sa da idon taubashina na hagu ya yi ja, a shekarun tsuke bakin aljihu, ni aka fara aiko wa. Maɗinkin wuyan riga ne a Kabo, da allura yake ci da iyalinsa.

Na tsaya daga bakin zaure, fuskata na kallon garu, na ce, "Afolo ne, bawana. Rabonka da wanke fuska tun ranar sunanka."

Ya ce, "To juyo ka duba mana, ubangidan ƙarya."

Ban juyo ba, kuma ba ni kaɗai ba. A wurinmu an yarda cewa wanda ya haɗa ido da mai afolo ya ɗauka. Matarsa tana miƙa masa tuwo kanta a sunkuye. Mai kemis na Gwarzo ma da baya-baya ya ba shi maganin ɗigawa, don asibiti a lokacin sai benci da ƙamshin aizal na wanke daɓe. Aka saya masa baƙin tabarau, muka huta.

Maganin yana kwantar da jan, ya yi kwanaki ya dawo, a sake ɗigawa. Damina ta wuce, aka yi girbi. Ya fara cewa yana ganin wasu ƙudaje da mu ba ma gani, zare kuma ya daina shiga kafar allura. Muka ce tsufa ne, alhali bai kai arba'in ba.

Sai a Kano wani likita ya buɗe idon da yatsa, ya haska, ya daɗe yana leƙe. Ya ce wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ta shiga ciki tana ci, maganin da ake ɗigawa kuwa hanya ya yi ta share mata. Ya tambaye mu wa ya taɓa duba idon. Na kalli silin.

Idon bai dawo ba. Na dama kuma ya kasa aikin biyu, ɗinki ya riƙa karkacewa, masu riguna suka janye ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na same shi a ƙauyen Masanawa yana ɓarar gyaɗar mutane. Na ce ya tashi mu kai ƙara, yanzu akwai ƙisasi.

Ya ce, "Wa zan kai? Alƙali ba shi da bencin da zai ɗauke ku duka."

Ya ci gaba da lalubar ɓawo a cikin tire.