Tatsuniyar Mai Fito da Sunan Ƙanena

A gidanmu na Pumpumre, cikin Garwa, ba a hura wuta don tatsuniya. Garin yana da zafin da ya ishe shi. Sai dai in an sauke tuwo, garwashi ya rage a murhu, Kaka ta jawo tabarmarta kusa, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuma mu kewaye ta. Uwar Babanmu ce, 'yar Banyo, ƙanƙanuwar mace mai babbar murya. Takan fara labari da Hausa, in ya yi daɗi ta zarce da Fulatanci ba ta sani ba, sai mun ja bakin zanenta ta dawo. Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakinta, yawancinsu sun zube mini a hanya. Guda ɗaya ce ta zauna daram, ita ma don lokacin da ta zo ne.

Ina da shekara tara a shekarar da jiragen ruwa ba su zo ba. A da, in damina ta yi nisa kogin Binuwai ya cika, har gida muke jin kukansu. Su kawo gishiri da siminti da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga. Babanmu mai awo ne a wani kamfani na bakin kogi. Kullum da safe ya sa kakinsa da Inna ta goge, ya hau keke, yara suna gaishe shi da Faransanci don su ji ya amsa. A wannan shekarar ana yaƙi a Najeriya, hanyar ruwa ta toshe. Kogi ya cika ya janye ba a ga jirgi ko ɗaya ba. Wata ranar Asabar Baturen kamfanin ya tara ma'aikata ya sallame su.

Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. A miya muka fara gani: nama ya ɓace, busasshen kifi ya maye gurbinsa, daga baya shi ma ya koma na ranar Juma'a. Inna, da tsohon cikinta, ta fara matsar man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli, ni da yayata Hajara muna taya ta ɓare gyaɗa in mun dawo daga lakwal, wato makarantar boko. Gaskiya mu yara ba mu ji jiki sosai ba. Gidan ya cika da ƙanshin suya, muna samun ɓarɓashi a aljihu.

Baba ne ya sauya. Mutumin da ba a ɗaurin aure ko suna a unguwa sai da shi, wanda yakan fara sa hannu a aljihu kafin a tambaya, sai ya daina fita. Ya bar zaman ƙofar gida. Masallacin da ke bayan gidanmu ma ya bar shi, yakan tafi wani mai nisa inda ba a san shi ba. In an yi sallama, sai ya aiko Hajara ta ce yana hutawa. Ba ya faɗa, ba ya duka, yana nan dai a ɗakinsa kamar baƙon da ke jiran mota.

Ana cikin haka Inna ta haihu, namiji, bayan mata uku. Ranar na ga haƙoran Baba. Amma kwana biyu da haihuwar na ji shi yana gaya wa Kaka a bakin rumbu cewa ba za a yi taro ba. Zai kira liman shi kaɗai bayan sallar asuba, a raɗa suna, a rufe ƙofa. Ba rabon goro, ba sanarwa. Rago kuma sai ran da Allah ya hore. Ya ce ba zai tara mutane su zo su ga tsakar gida ba tukunya ba. Kaka ba ta ce masa komai ba. Ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya jayayya da shi a gaban surukarta. Inna ma ta ji, na ga tana share ido da gefen zanen goyo.

A kwanakin nan wuta ba ta mutuwa a gidanmu, saboda ruwan wankan jego. Kaka ce ke kula da babbar tukunyar, safe da yamma. A rana ta huɗu, bayan an ci tuwon magariba, sai ta ɗauki tabarmarta. Maimakon ta shimfiɗa a inda ta saba, ta ja ta can gefen wutar da ke kallon ƙofar ɗakin Baba, wadda asabari kawai ya rufe. Ta ce, "Ga wata ta taho daga nesa, ku matsa ku ba ta wuri." Muka ce ta zauna mu ji ta.

Ta ce wai a wani gari akwai wani mai fito, wanda duk mai son haye kogi sai ya shiga kwalekwalensa. Ya haye da amare, ya haye da gawa, ya haye da masu gudun ruwa da masu komawa gida. Wata shekara kogin ya yi fushi ya kwashe ruwansa ya tafi, ya bar yashi. Mutane suka riƙa hayewa da ƙafa. Mai fito ya ja kwalekwalensa gida ya kife shi, ya shige ƙarƙashi ya kwanta, don kada wani ya gan shi ba sanda a hannu.

Sai matarsa ta haihu. Ranar suna ya tashi ya datse ƙofar gida da itace. Mutanen gari suka zo, kowa da akushinsa a kai, suka yi sallama har muryarsu ta dushe. Suka zauna a waje, tuwo ya huce, suka kwashe suka koma. Yaro ya tashi ba suna. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, kowa "kai" yake ce masa. In akuya ta yi kuka ya waiga, in iska ta kaɗa ƙofa ya amsa, don bai san wane kira ne nasa ba.

Nan Kaka ta sauya murya, ta yi ta can ƙasa, ta ce kura ta ji labari. Kurar ta zo bayan danga tana waƙa:

"Yaro marar suna, taho,
Ba wanda ya kira ka, taho,
Ni na fara kira, nawa ne kai."

Yaro ya fita ya bi ta. Uban ya fito daga ƙarƙashin kwalekwale a guje, ya hango su sun doshi daji. Ya buɗe baki zai kira ɗansa, sai ya rasa abin da zai ce. Ya ce "kai", kura ta waiga, yaro bai waiga ba.

Ƙanwata Safiya ta fara kuka a nan. Ni kuwa na lura tarin da Baba ke yi a ɗaki ya tsaya.

Kaka ta ce sai mai fito ya juyo cikin gari, ba hula ba takalmi. Ya tsaya a ƙofar farko, hannunsa ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Da ƙyar ya buga. Ya ce, "Ni ne mai fito. Ba ni da kogi, ba ni da tuwo, ɗana kuma ba shi da suna. Ku zo." Kafin ya kai ƙofa ta uku gari ya tashi. Suka yi shawara a tsaye suka zaɓi suna, suka je bakin daji suka haɗa baki suka kira shi gaba ɗaya, maza da mata. Yaron ya tsaya cak. Ya saki jelar kura ya juyo, don a karon farko ya ji kiran da ba na kowa ba ne sai nasa. Suka dawo suka birkice kwalekwalen nan, kowa ya juye abin da ya kawo a ciki, gari duka ya ci a akushi ɗaya mai tsawon mutum huɗu.

Kaka ta kaɗe hannu ta ce ta ƙare, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi kura. Hajara ta tambaye ta wane suna aka sa wa yaron. Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata ta ce, "Ina zan sani? Ni ba a gayyace ni ba."

Washegari da hantsi Baba ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Ya tsaya a zaure ya daɗe. Ina share tsakar gida ina satar kallonsa. Sannan ya cire sakata ya buɗe ƙofar duka biyu, ya nufi gidan Malam Garba mahauci, maƙwabcinmu, wanda tsakaninmu da shi bai fi taku arba'in ba.

Abin da ya faru a can, matar Malam Garba ce ta ba Inna labari daga baya suna dariya. Wai Baba ya zauna ya yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar iyali. Da ƙyar ya ce an yi masa haihuwa, suna ran Juma'a, kuma ba shi da abin yanka. Malam Garba ya kama hannunsa ya kai shi bayan gida, ya nuna masa wani farin rago a ɗaure. Ya ce, "Malam Isa, tun daren da na ji kukan jaririn nan na ware shi. Kwana biyar ina ba shi dusata, na rasa ta ƙofar da zan shigo da shi. Ka ɗauke mini shi kafin ya cinye ni."

Daga nan Baba ya bi gida-gida da kansa, shi da ya saba aikawa. Bai dawo ba sai azahar, kuma a masallacin bayan gida ya yi salla.

Ban taɓa ganin suna irin wannan ba, ko da yake na ga waɗanda suka fi shi tsada. Tun ran Alhamis mata suka cika gidan. Goggo Adama, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta zo da ƙwarya biyu ta ƙi karɓar komai. Matar limamin unguwa ta aiko da gero. Abokan aikin Baba da aka sallama tare, su huɗu, suka haɗa suka kawo goro, kowannensu yana jin kunyar ɗan abin da ya iya, sai da suka ga juna suka saki jiki. Har wani Kirista ɗan kudu da suka yi aiki tare ya zo da buredi a kwali, ya zauna a gefen tabarma ana addu'a. Da aka faɗi sunan, Muhammadu Bashir, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Na leƙa ta zaure na ga Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Kaka tana bakin tukunyar kunun kanwa tana rabo, kamar ba ta san komai ba.

Aikin kamfani bai dawo ba. Amma a wurin sunan ne wani dillalin shanu ya yi kukan cewa takardun Faransanci na likitan dabbobi suna ba su wahala, Malam Garba ya nuna masa Baba da haɓa. Haka Baba ya koma zama a kasuwar shanu yana rubuta wa dillalai takardu. Bai kai aikin da ba, kuma yakan dawo da ƙura har gwiwa. Da shi ya aurar da mu, da shi Bashir ya yi karatu.

Bayan rasuwar Kaka na je Banyo wani biki, na nemi ƙanwarta, wadda suka tashi ɗaki ɗaya, na ce ta maimaita mini tatsuniyar mai fito. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ita ba ta taɓa jin ta ba, kuma duk abin da yayarta ta sani a bakin uwa ɗaya suka ji shi. A nan na gane cewa a gaban tukunyar wanka ta ƙirƙire ta, cikin kwana biyun da ta yi shiru. Ta nemi hanyar da za ta gaya wa ɗanta gaskiya ba tare da ta kunyata shi a gaban matarsa da 'ya'yansa ba, ta samu.

Ina yarinya, mutanen garin nan na tatsuniya nake yabo, masu akushi a kai. Sai da abin ya zo kaina na san inda wuyar take. Muna Marwa aka rage ma'aikata a wurin da maigidana ke tuƙi, a daidai watan da 'yarmu ta sauke Alƙur'ani. Na yanke shawarar ba za a yi walima ba, har na shirya ƙaryar da zan yi. Kwana uku ina wucewa ta ƙofar maƙwabciyata ina gaishe ta ina ƙara gaba. A na huɗu na shiga, na zauna, na gaya mata komai. Ta dube ni ta ce, "Yau kika mai da ni 'yar'uwa. Da can maƙwabciya ce kawai." Ta tashi ta fara sauko da tukwane.

A hanyar komawa gida na yi wa Kaka addu'a, na yi wa Malam Garba. Amma wanda na fi daɗewa a kansa Baba ne. Sai a ranar na san nisan da ke cikin taku arba'in, kuma ya yi su saboda mu.