Ni Kaucewa, Sande Harbi

Ranar wata Juma'a da la'asar, shekarar da nake aji biyar, na ajiye buhun ciyawar tumakinmu a zaure ban ko kwance bakinsa ba, na sheƙa shagon Malam Ɗahiru da ke bayan tashar Gusau. Washegari za a kwashe kayan su Sande, abokina, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa mutumin Binuwai da aka yi wa canjin wurin aiki. Mun yi alkawari ba zai tafi ba sai mun ga ƙarshen wasan nan da ke shagon.

Akwati ne dogo mai gilashi kamar talabijin. A sama dodannin sararin samaniya ne sahu-sahu, suna tafiya gefe, in sun kai bango su sauko taki ɗaya, suna zubo wuta. A ƙasa 'yar bindigarka ce, da gidaje da kake fakewa bayansu har harsashi ya cinye su. Manya da hannu biyu suke yi, ɗaya a kan 'yar sandar jan bindigar, ɗaya a kan maɓallin harbi. Mu kuwa raba aikin muka yi, don ni kuskurewa nake in na zo harbi, shi kuma Sande bai san tsoro ba balle ya kauce. Ni ke riƙe sandar ina jan bindigar hagu da dama, shi yana dukan maɓallin yana ihu, "Tsaya mana, matsoraci!" Duk yaran unguwa sun yarda cewa wanda ya share sahun duka zai ga sarkin dodannin.

Ran nan muka share su. Na ƙarshen ya yi ta zarya kamar ɓera a rumbu, Sande ya same shi. Muka ƙura ido muna haki. Sai ga sabon sahu ya cika gilashin, ya ma fi na farko kusa da mu. Malam Ɗahiru ko ɗago kai bai yi ba daga rediyon da yake gyara, ya ce, "Wanga abu ba shi ƙarewa, ɗiyana. Sai dai ku gaji ku bar shi." Sande ya cire hannunsa. Na ci gaba da kaucewa ni kaɗai har suka sauko kaina. Da safe motar kaya ta tafi da su, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu ina koyarwa a Tsafe, iyali suna Bunguɗu, kullum ina hanya cikin fargabar 'yan bindiga. In na kashe wannan matsala, wata ta jeru. 'Ya'yana suna irin wasan a waya, kowa shi kaɗai a lungunsa, ba mai yi wa wani ihu. Na gaji ƙwarai, kuma wannan ba shagon Malam Ɗahiru ba ne da zan saki sanda in koma gida.